Guntayen Takarda Shida a Gwangwanin Ummuhani

Zuwa ga Ummuhani, ɗiyar Malam Abdulrahman, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rani, wadda ko sunanta na ambata sai guduma ta rage nauyi a hannuna. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, daga Kaura har ƙofar gidanku a Shinkafi.

Sun amsa, Ummu! Wallahi sun amsa! Yau da hantsi ina tsakiyar nuna wa ɗalibai yadda ake haɗa ƙafar kujera, saƙon jami'a ya shigo. Kwasa-kwasan nan shida na ƙarin horo ga malaman sana'a, waɗanda na yi ta intanet, duk an sa mini su cikin makin digiri. Karatun shekara uku ya koma na shekara ɗaya! Ban san sa'adda na yar da zarto na yi sujada cikin garin katako ba. Har yanzu akwai shi a gemuna, kuma ban damu ba.

Kin fi kowa sanin abin da shekara ɗaya take nufi. Ranar da magabatana suka je, Baba Malam ya ce ya ba ni ke, amma ba za a ɗaura ba sai na kammala digiri, don ya daɗe a aikin ilimi, ya ga malamai da yawa da hidimar gida ta raba da karatu. Ban ga laifinsa ba. Amma shekara uku, ya hasken raina? A shuka gero a Badarawa sau uku, a girbe sau uku, ni kuwa ina tsayawa a zaurenku kamar baƙo? Wace zuciya ce za ta iya? Shi ya sa na yi ta hawa kan tankin ruwan makaranta ina neman sabis, rana na dukana, har kwas shida suka kammala.

Sai kuma na kusa rushe komai da hannuna. Kai, Hafizu, Allah ya shirye ka! Tun kafin takardun shaida su fito na ƙera musu firam shida na maɗaci, na goge, na shafa mai. Da na buga takardun sai suka fi firam tsawo da yatsa biyu. Mu kafintoci in ƙofa ta fi gurbinta, ƙofar muke ragewa. Na ɗauki reza na datse gindin kowace, inda babu komai sai wasu ƙananan lambobi da na ɗauka ado ne. Ashe su ne lambobin da jami'a ke tantance takarda da su! Tsohuwar wayata kuwa, da layin da imel ɗin, tun damina suka faɗa gulbi, babu hanyar sake buga takardun. Ma'aikaciyar ofishin jami'ar ta yaba aikin firam, sannan ta ce in babu lambobi babu maki, kuma saura kwana huɗu a rufe karɓar takardu.

Kin tuna yadda na iso muku ranar kasuwa bayan la'asar, ko ruwan da kika kawo na kasa sha? Na faɗa miki komai ina jiran faɗa. Sai kika tambaye ni inda na zubar da abin da na datse. Na ce kafinta ba ya zubar da guntu, amma wallahi na manta abin da na yi da su. Kika dube ni, kika rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunki na rawa. Ni ina cikin tashin hankali, ke kina dariya! Kika shige gida, kika fito da gwangwanin alewa.

Ya Ummu, ya farin watana! Ashe 'yan wasiƙun nan sirara da nake ba yayata Kulsumu ta kawo miki, a bayan guntayen na rubuta su. Duk kwas ɗin da na gama, sai in juya guntun in rubuta miki layi biyu don murna. Ni na manta, ke kin adana. Shida cif, a ninke, suna ƙamshin turarenki. Wa ya taɓa ganin mace irinki? Ni na ɗauka kina karantawa ki jefa a murhu, ashe rabona kike ɓoye mini ban sani ba.

Da kika miƙo mini, magana ɗaya kika yi: “Aro na ba ka, Malam. A dawo mini da kayana.”

Kunyar da na sha a ofishin kuwa sai mun haɗu. Baiwar Allah tana kwafe lambobi, ta juya guntu na huɗu, ta ga inda na ce in ban gan ki ba ko tuwo ba ya mini daɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai da ta gama, sannan ta ce in gaishe da mai gwangwani, kuma in riƙe ta da kyau. To ga gaisuwar na isar. Riƙon kuwa, Allah ne shaidata.

Ga kayanki nan shida a hannun Yaya Kulsumu, ki ƙirga. Ki roƙa mini Baba Malam ya sa ni a addu'a. Ranar Juma'a zan zo da takardar jami'a in nuna masa da kaina, cikakkiya, ko kusurwarta ban taɓa ba. Ki ƙara haƙurin damina ɗaya tak, sanyin zuciyata. Zan yi karatun nan kamar yadda nake aikin da zan sa sunana a kai.

Kin ga yau babu guntu, dole na sayi babbar takarda, kuma na san ba za ta shiga gwangwanin alewa ba. Kada ki ninke ta da yawa. Na fara ƙera miki akwati na maɗaci, wanda zai ɗauki wannan da duk waɗanda za su biyo baya har mu tsufa. Wannan karon takardar na fara aunawa. Katakon zan yanka.

Naki yau, naki baɗi ranar ɗaurin aure, naki har iyakar numfashi,

Hafizu, malamin kafinta,
Kaura Namoda.