Kujerar Bakin Ƙofa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya yara da mamansu? Ni lafiya lau nake.

A shagon askin da nake aiki an daina hirar ƙwallo, sai ta haraji, don gwamnati na son sauya tsari. Wani direba ya ce a ɗora wa masu gidajen haya. Wani malamin makaranta ya ce ai kan ɗan haya zai ƙare, gara a karɓa a kan abin da mutum ya saya. Har na tsaya da almakashi a hannu ina saurare. Ashe hanyoyin tatsar mutum suna da yawa haka?

Abin da ya ɗaure min kai shi ne masu cewa kowane shago ya biya gwargwadon yawan kujerunsa. Kai da ka yi karatu, kujera ce ke samu ko mai aski?

Maigidan shagon kallon kujerun kawai ya yi, kamar mai lissafin wadda zai rage. Ni ne na ƙarshen shiga aikin, tawa ce ta bakin ƙofa.

Kada ka gaya wa Inna. Ka dai ce ta ƙara min addu'a.

Ƙaninka