Na rushe bangon falo, kuma Asabar za a yi suna a saman bene

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. A ɓoye sunana don Allah. Masu zagi ku ɗan dakata, na riga ku zagin kaina, shawara nake so kuma da sauri.

A Hayin Banki muke, gidan gadon su mijina, bene ne tun na mahaifinsu. Mu muna ƙasa, surukata Hajiya tana sama. Tun da aka kawo ni falon nan ke ba ni haushi: ƙarami, ga duhu, ga wani bango mai kauri tsakaninsa da ɗakin cin abinci. Kullum ina ganin faluka a waya, a buɗe fayau, ni kuma baƙi uku suka zo sai gwiwa ta gogi gwiwa. Na dami mijina har ya gaji ya ce, "Na yarda, amma kada a taɓa bulo ɗaya sai abokina injiniya ya zo ya duba." Sai ofis suka tura shi kwas Legas, Hajiya kuma ta tafi Zariya jinyar ƙanwarta. Na kira injiniyan, ya ce sai wani sati. Wani satin ya zo, ya ce sai wani. Ni ban iya jira ba, halina ne. Na samo birkila daga Rigasa. Ya ƙwanƙwasa bangon ya ce, "Madam, duka za a cire?" Na ce duka. Ya ce, "Ke ce da gida," ya ɗau guduma. A tsakiyar bangon aka ci karo da wani ginshiƙi na kankare da rodi a ciki. Na ce falo nake so ko rumfar kasuwa? A yanke. Aka yanke, aka yi filasta, aka sa silin na zamani da fitilu, aka shafa fenti.

Da mijina ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi. "Kai, Maman Hanan, kin iya! Injiniya ya zo ko?" Na ce ya zo. Haka kawai bakina ya faɗa, ko ɗar ban ji ba.

To yanzu ga abin da ke faruwa. Tun da Hajiya ta dawo ƙofar ɗakinta ta daina rufuwa, har Hajiyar ta sa kafinta ya fere ta, ta sake cijewa. Tayil biyu sun fashe a falonta ba wanda ya yar da komai. Ta ce mini, "'Yar nan, tsufa ne ke sa nake jin ƙasa na gangarawa, ko jiri ne?" Na ce jiri ne Hajiya, ki rage gishiri. Wace irin mutum ce ni? A ƙasa kuma kullum ina share wani gari-gari fari a kan kujera. Da aka yi ruwan nan mai ƙarfi na hau tebur, na zare fitila ɗaya, na haska ramin da waya. Dekin benen ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, yatsana zai shiga. Na mayar da fitilar na sauko na ɗora girki.

Ƙanwar mijina ta zo wankan jego wurin Hajiya, Asabar ɗin nan suna. Kun san yadda ake yi: mata za su cika falon sama maƙil, dangin Zariya, 'yan Rigachikun, da yara, da kulolin abinci, ga masu kiɗan ƙwarya an kira. Na ce a sa rumfa a waje mana. Hajiya ta ce, "Da damina? Mai jego da jaririya a waje? Falona ya ɗauki sunan 'ya'yana duka." Ya ɗauka, lokacin da ginshiƙin yake nan.

Idan na faɗa, mijina zai san na dube shi ido cikin ido na yi masa ƙarya, kuma na bar uwarsa tana kwana a kan wannan abu ina kallo. Ban san ko auren zai kai Lahadi ba. Idan na yi shiru, wataƙila ba abin da zai faru. Wataƙila. Masu sanin gini, akwai ƙarfen da za a tokare dekin da shi kafin Asabar ba tare da an farfasa silin kowa ya gani ba? Ko dai ba makawa sai na buɗe baki?

Yanzu haka ina jin Hanan a sama tana tsalle a kan gadon kakarta. Me zan yi?