Sikilar da Muka Ɓoye Har Kan Dutse

Anti Ayishatu, ki taimake ni kafin bakina ya furta abin da ba zai gyaru ba.

A Doha muke zaune, maigidana injiniya ne a Lusail, kusa da nan. Hutun da ya wuce mu da wasu iyalai 'yan ƙasarmu muka jera motoci zuwa duwatsun Asir a Saudiyya, da tantuna da tukwane, wai yara su huta da zafi. 'Yarmu, zan kira ta Firdaus, ta fara jami'a, kuma sikila gare ta. Daga mu sai asibiti, babu wanda ya sani. Dokar babanta ce. Wai 'yan Arewa a nan ba mu da yawa, in ɗaya ya ji kowa ya ji, gobe wa zai nemi aurenta?

Tun a gida na ce masa na karanta cewa iskar kan dutse ba ta yi wa masu sikila. Ya ce karatuna ya yi yawa, yalla, maza a loda kaya.

Washegarin isarmu, ana gasa nama, yarinya na cikin tanti tana cizon bargo don kada a ji kukanta. Akwai likita a cikinmu, Dakta Ɗalhatu, yana can yana fifita gawayi. Da ya tambayi ina take, maigida ya ce masa sanyi ne kawai. Da na ga leɓenta ya yi fari, na fita ba ko mayafi, na gaya wa likitan gaskiya. Shi ya gangaro da mu asibiti a garin Abha. Sai da aka cire mata saifa.

Anti, yau ni ce mai laifi! Wai na tona asirin gida. Ya daina cin abincina, kuma yana so in ce wa mata masu zuwa dubiya gurɓataccen abinci ta ci. Mutumin da ke lissafin nauyin bene, ya kasa auna ran 'yarsa da surutun mutane. Ni kuwa so nake ranar Juma'a, in an taru a gidanmu, in faɗa wa kowa a gabansa. In yi?

Maman Firdaus, Doha

*

'Yar'uwa, Allah Ya ba Firdaus lafiya. Abin da kika yi a kan dutsen daidai ne, kada ki nemi afuwar kowa a kansa.

Tsoron maigidanki ba ƙarya ba ne, mutanenmu suna gudun mai sikila. Ina kuma zaton kunyar abin da ya aikata ce yake juye miki. Amma auren da za a gina kan ɓoye gwajin jini, jikokinku ne za su ɗanɗana kuɗarsa. Ki nemi Dakta Ɗalhatu ya zauna da shi su biyu. Ƙarya kuwa kada ki yi, “tana samun sauƙi” ya ishi masu dubiya.

Sai dai ki bar maganar Juma'a. Shi kike son kunyatawa, amma ita za a juya a kalla. A duk wasiƙarki ban ji abin da Firdaus take so ba. Yarinyar da ta ciji bargo, a gida ta koyi cewa ciwonta abin kunya ne. Ki zauna da ita, ki ce mata ba haka ba ne, sannan ki tambaye ta wa take so ya sani. Abin da ta zaɓa, ki tsaya mata a kai ko a gaban babanta.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya tashi kafaɗarta.

Anti Ayishatu