Gorar da ke Kan Tsamiya

Warra, 9 ga Yuli

Zuwa ga aminina Usman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, gwargwadon lafiyar da mutum ke samu a gidan yari. Yaya ciwon bayan nan naka? Matarka Hafsat ta ce ba a barin waya a wurinku, shi ya sa na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san tun muna firamare kake cewa kaza ta fi ni iya zane.

Inna mahaifiyarka tana nan da sauƙi, sai dai ba ta cin abinci sosai. Na kai musu kifi jiya. Jirginka an jawo shi bakin gaɓa, an cire injin an ajiye a gidan Sarkin Ruwa. Ɓarakar da kututturen ya yi masa, wallahi mutum zai shige ta da rarrafe.

Gari kuwa ban san abin da zan ce maka ba. Kwana ashirin da hatsarin, har yanzu maganar ke nan a bakin ruwa. Mutum huɗu aka rasa, kowa da danginsa. Har da Lubabatu mai fura a cikinsu, mijinta ba ya amsa sallamar kowa daga cikinmu masu jirgi. Waɗanda suka riƙa roƙonka ka ƙara su ran nan don kada kasuwa ta wuce su, yau su ne masu cewa ka yi lodi fiye da kima. Na gaji da jin su, na daina zama a rumfa.

Wasu kuma suna tambayar inda gorar da ke kan Tsamiya, kututturen nan da jirginka ya daka, ta tafi. Ka san lauyanka, Barista Jalaluddeen, ba ɗan ruwa ba ne, sai da na zauna na yi masa bayani: itatuwan tsohon gari suna nan tsaye a ƙarƙashin tafki, idan ruwa ya ja baya sai kawunansu su matso sama ba a ganinsu, shi ne muke ɗaure doguwar sandar gora da jan ƙyalle a jikin kowane kututture don mai jirgi ya kauce. Ya rubuta a takarda. Mutane sun ce iska ce ta kwashe ta. Ni dai ban ce komai ba.

Ka riƙa cin abin da aka kawo maka. Kowa yana gaishe ka.

Naka,
Tanko


Warra, 2 ga Agusta

Aminina Usman,

Sallama da gaisuwa. Ina fata jiki ya yi sauƙi, kuma maganin da Hafsat ta kai maka an bar shi ya shiga. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi.

Wannan takarda sau uku ina fara ta ina yagawa. Usman, ba iska ba ce. Ni na kwance gorar.

Ana gobe kasuwa na je duba kalli, ragar kifin da na kafa, da la'asar, hadari ya taso, filafilin da nake tuƙa kwalekwale da shi ya karye a hannuna. Ina kusa da Tsamiya. Na kama gorar na kwance ta, da ita na tura kwalekwale ta bakin ciyawa har na kai gaɓa. A zuciyata na ce da asuba zan mayar. Da asuba aka ce ɗan akuyarmu ya faɗa rijiya, muka tsaya fito da shi, daga nan na wuce gyaran kalli. Wallahi tallahi ban sake tuna ta ba sai da na ji ihu daga bakin ruwa. Ɗan akuya, Usman! Har yanzu gorar tana bayan ɗakina da ƙyallenta.

Wata ɗaya da rabi ina ɗauke da wannan. Ina kai wa Inna kifi tana sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar in nutse. Tsoro ne ya hana ni magana, ba zan yi maka ƙarya ba.

Na je Yelwa na faɗa wa lauya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce babu wata doka da ta san gorarmu, al'ada ce kawai, kotu kuwa abin da take tambaya shi ne wa ke riƙe da inji da kuma mutum nawa ke ciki. Amma ya ce idan alƙali ya ji cewa alamar da ka saba bi ba ta nan, kuma ba ka da hanyar sani, zai iya ɗaukar abin a matsayin kuskure, ba ganganci ba. Don haka zan zo in ba da shaida ranar da za a zauna, da gorar a hannuna. In za su riƙe ni su sake ka, sai su riƙe.

Ba na neman amsa. Ka yi mini addu'a in iya buɗe baki.

Naka har kullum,
Tanko


Warra, 28 ga Oktoba

Usman ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Yaya kwana, yaya haƙuri? An ce an mayar da kai wani ɗaki mai ɗan iska, Allah ya sa gaskiya ne. Hafsat ta sauka lafiya, mace ce, ta ɗauko goshinka. Inna ta ce a faɗa maka ta fara cin abinci.

Tun ranar hukunci ban rubuto ba, don ban san ta inda zan fara ba. Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Sau biyu Hafsat ta je wurinka bayan takardata, ba ka aiko da ko kalma ɗaya ba.

A kotu na tsaya na faɗi nawa, na ga alƙali yana rubutawa, har na fara jin sanyi a raina. Sai lauyan gwamnati ya ɗaga gorar ya tambaye ka ko ka taɓa ganinta a wani wuri ban da kan Tsamiya. Da ka yi shiru, ai ba wanda ya sani. Amma ka riga ka rantse da Alƙur'ani, sai ka ce ka gan ta a kwalekwalena da safen nan, ka gane jan ƙyallen, ka yi niyyar tambayata, sai rigimar ɗora babur a jirgi ta ɗauke maka hankali. Na ga lauyanka ya ajiye biro ya rufe ido.

Shi ke nan. Suka ce ka san alamar ba ta nan, kuma ka bi hanyar da mutum talatin da ɗaya a jirgin mutum ashirin da biyar. Shekara biyar. Lauyanka ya ce da ban kawo gorar ba, wataƙila biyu za a ba ka a kan lodi kawai. Ni kuwa aka ce na gama, in sauka. Na tsaya a ƙofar kotu ina jira wani ya kama ni, ba wanda ya ko dube ni. Na hau babur na dawo gida.

Ni na manta, kai ma ka manta, mantuwar tamu iri ɗaya ce, safiya ɗaya. Na yi ta juya abin har kaina ya gaji, ban gane yadda aka auna ba. Mijin Lubabatu ya tare ni a masallaci, na ɗauka duka zai kai mini, sai ya ce shi bai san wanda zai yafe wa ba ma, balle wanda zai riƙe. Muka zauna tare har aka kira la'asar.

Sarkin Ruwa ya tara mu, ya ce daga yau duk wanda ya taɓa gora ya bar ruwa. Ni bai kore ni ba, tunda dokar ta zo bayana. Gorar tana kotu, sun maƙala mata lamba. Na sari sabuwa na je in ɗaure, na tarar ruwa ya cika, Tsamiya ta nutse can ƙasa, ko jirgin shanu zai wuce ta kanta lafiya. Na dawo da ita na jingine inda waccan ta zauna.

Ranar Asabar suna. Hafsat ta ce ka aiko cewa ni zan tsaya a madadinka in karɓi baƙi. Zan tsaya, Usman, amma da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Allah ya ba ka haƙuri, ya sada mu da alheri.

Naka,
Tanko