Kashin Balbela a Motar Abban Najwa

Asabar, 25 ga Oktoba, 2025

Shekaranjiya na fita takaba. Yau na ɗage tampol ɗin da aka lulluɓe motar Abban Najwa da shi tun ranar da ya rasu. Ashe iskar damina ta yage shi ta sama ban sani ba. Balbelun da suka yi sheƙa a darbejiyar maƙwabta sun gama da rufin da bonet, fari fat, ya bushe kamar siminti. Gaban motar kuma matattun ƙwarin tafiyarsa ta ƙarshe ne manne, daga Miga, ranar ruwan farko. Ya ce da safe zai wanke. Da safen asibiti muka tafi.

Na mayar da tampol. Ban ci abincin rana ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Yaya Barau, wansa, ya zo. A rabon gado motar ta faɗo ɓangarena ni da yara. Ya zagaya ta, ya kankara da farce, ya girgiza kai. "Khadijatu, fentin nan ya mutu. A sayar tun tana da daraja. Ke da keke-nafef ya ishe ki zuwa makarantar da kike koyarwa, me za ki yi da wahala?" Ba mugunta ba ce, na sani, shi ya tsaya mana a komai. Amma wai har ya samu mai saye a Taura.

Na ce, "Yaya, a ba ni mako biyu." Ya yi murmushin da ake yi wa yara.

Talata, 28 ga Oktoba

Kura-kurai biyu yau. Na farko, da tsakar rana na fara, ƙarfen da zafi, ruwan na bushewa kafin in ɗaga hannu. Na biyu, na goga da tsumma da ƙarfi a gefen bonet. Kashin ya fita, amma ya bar ƙananan zane-zane. Ashe da tsakuwa a cikinsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba don fentin kaɗai ba.

Najwa ta dawo daga jami'a ta same ni haka. Ta buɗe but ɗin bayan motar. Ga kayansa nan a jere cikin bokiti: tawul-tawul masu laushi, sabulun ruwa na mota, kwalbar feshin cire ƙwari, ƙaramin gwangwanin folish. Ta ce, "Umma, kin manta yadda Abba ke yi? Ba ya gogewa. Jiƙawa yake."

Haka ne kuwa. Da sabuwarta ya kai ta Kano aka yi mata shafin seramik, wanda ke sa ruwa ya zame a jikin fenti. Tun daga nan ya hana a taɓa ta da garin sabulun wanki, wai yana cinye shafin. Ni da nake masa dariya, ina cewa ko jariri ba a yi wa wannan lallaɓar.

Laraba, 29 ga Oktoba

Da sanyin safiya, kafin rana ta hau katanga. Ruwa mai ɗumi, ɗan sabulun mota, na jiƙa tawul na shimfiɗa a kan kashin na bar shi. Na je na ɗora koko. Na dawo na ɗaga a hankali, sama, ba ja ba. Ya taso kamar dafaffen gari. Ƙarƙashinsa fentin nan shuɗi mai duhu, yana kallona.

Alhamdulillahi. Na makara zuwa aji, kuma ban damu ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Rufin ya gama. Sai da na hau turmi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ƙwarin sun fi balbela taurin kai. Wata huɗu suna gasuwa a gaban mota. Na fesa maganin, na ɗora jiƙaƙƙen tawul, na jira, na ɗauraye. Rabi ya fita. Na sake. Na sake. Asma'u maƙwabciyata ta leƙo ta ce in ba ta soson ƙarfe ta gama min da shi yanzu. Na ce ta rufa min asiri. Ta zauna tana ɓare gyaɗa tana min tsiya, wai malamar lissafi ta koma wankin mota, a sanar da 'yan aji.

Wajen fitilar hagu akwai fiffiken gina guda, cikakke, manne kamar an buga shi a takarda. Na daɗe ban taɓa shi ba. Daga baya na wanke. Ba Abban Najwa ne ke cikin fiffiken ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Bayan ta bushe na ga inuwar tabo a bonet, inda kashin ya daɗe har ya ci cikin shafin. Ba datti ba ne, wanki ba ya fitar da shi. Najwa ta karanta bayan gwangwanin folish: kaɗan, a tawul mai tsabta, wuri ƙarami, ba dannawa. Na gwada a lungu tukuna, kada in sake ɓarna. Ya yi. Zane-zanen da na yi ranar Talatar can ma sun dushe, sai wanda ya sani.

Tabo ɗaya a rufi ya ƙi. Kamar ganyen zogale. Na bar shi. In na kai ta a sabunta shafin sai su duba.

Na kuma roƙi mai gidan Asma'u ya sare reshen darbejiyar da ya ƙetaro. Ya sare. Balbelu sun yi ta zagina.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Makanike ya sa sabon batir, ya canza mai, ya ba tayoyi iska. Ta tashi. Na zagaya unguwa da ita. Abban Najwa ne ya koya min, lasisi ma ina da shi, amma ban taɓa tuƙi babu shi a gefe ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Miga. Ni na tuƙa, tun daga ƙofar gida a Dutse har ƙofar gidan Iya, mahaifiyarsa. Najwa a gefe tana min addu'a a bayyane kamar na ɗauko ta ne zan jefa a rami. Shanu sun tare mu sau ɗaya, na tsaya lafiya, na tashi lafiya.

Yaya Barau na zaune a dakali. Ya miƙe don ya gaida baƙon da ya zo da wannan motar, sai ya ga ni ce. Ya zagaya ta kamar wancan karon, amma bai sa farce ba. Ya duƙa ya ga hularsa a jikin ƙofar motar kamar a madubi. "Ina kika kai ta aka sake fenti?"

Najwa ta riga ni: "Baffa, hannun Umma ne."

Ya sake duban motar. Can ya ce, "To, zan gaya wa na Taura ya nemi wata."

Iya ta fito da sandarta. Idonta ba ya gani sosai yanzu. Ta shafa bonet da tafin hannu, a hankali, tun daga wannan gefen har wancan. Ta ce, "Haka take santsi lokacin da yake zuwa. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ki riƙa zuwa min da ita." Ta cika mana but da gero da yakuwa.

Na ci tuwo malmala biyu. Rabon da in ji yunwa irin haka na manta.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na tafi makaranta da ita. Na ajiye ta nesa da bishiya, tawul da gorar ruwa a ƙarƙashin kujera saboda ko-ta-kwana.

Duk kwanakin nan da filo nake tuƙi a bayana, ƙafata da ƙyar take kai birki, don kujerar na nan yadda ya bar ta, daidai tsawonsa. Yau da safe na ja ta gaba. Na gyara madubi ma. Saboda birki ne kawai.

Na mayar da filon ɗaki.