Muryar da Ke Tsallako Katanga

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar mata ga mijinta, ko da yake na san inda kake ba a kai saƙo. Jikarka Nafisa ce ke rubutawa a wayarta, ni ina faɗa. Ta ce jama'a za su karanta. To su karanta, ai tun kana raye ma ban same ka ni kaɗai ba.

Abu ɗaya ya tayar da ni, Malam. Muryarka ta ɓace mini. Ba ta Baba Ɗangwaggo nake nufi ba, tsohon nan da kake fitowa a wasan kwaikwayo, wannan tana nan daram a kunnena. Taka nake nema, wadda kake tambayata da ita ko akwai sauran ruwan zafi. Na laluba, na laluba, babu, kuma abin yana ba ni tsoro.

Da aka kawo ni gidanka kana malamin firamare, ranar Asabar kuna wasa a ɗakin taro. Ba a taɓa ba ka fitowa a ango ba, balle mai sarauta. Kai ne maigadi, kai ne dillalin shanu, kai ne kurman maƙwabci. Ka shigo ka yi magana biyu ka fita, amma kai mutane ke kwaikwayo a hanyar gida. Ni nake daka maka allin da kake shafawa a kai, ni nake jiƙa ƙaron liƙa gemun auduga. Da hannuna nake tsufar da mijina kowane mako.

Ranar da na fara ganin Ɗangwaggo ina zaune cikin mata. Ka dafa gwiwa, ka miƙe rabi, ka tsaya, sannan ka ƙarasa miƙewa ka ce, "Wash! Duniya, mi nic ci maki?" Ɗakin ya kece da dariya, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Mahaifina ne sak, tsohon mahaucin Ƙofar Dundaye. Surukinka fa, Malam! Kai da kake cire takalmi tun daga bakin lungu, ka durƙusa ba ka iya ɗaga ido ka dube shi. Ashe gwiwarsa kake kallo.

Na yi kwanaki ban kula ka ba. Da ka gaji da shirun, cewa ka yi, "A'i, ba sata na yi ba, ajiya na yi miki." Tsaki na ja maka. Babana kuwa har ya koma ga Allah bai gane ba. In ya ji ka a rediyo sai ya yi ta dariya, ya ce shi ya san wani tsoho a mayanka, haka yake, ba shi da aikin yi.

Sai kuɗin mai suka shigo gari. Kowa ya zama ɗan kwangila, motocin siminti ba sa yankewa, aka buɗe gidan talabijin, ka ajiye koyarwa. Akwai wasan da ka fito a ɗan kwangilar da ke zubewa ƙasa ga duk mai kaki, har masinjan ofis. Gari ya ɗauka. Bayan nan wasu sojoji suka zo da mota suka tafi da kai da hantsi, ka dawo da la'asar ka zauna a tabarma kana kallon tafin hannunka. Na tambaye ka me aka yi maka. Da muryar Ɗangwaggo ka amsa mini, yara suka yi dariya, ni ban yi ba.

Daga ranar, duk maganar da ta yi nauyi sai ka tura tsohon nan ya amsa. Ina jin tun lokacin na fara rasa ka.

Ko arba'in ba ka cika ba wata babbar mota ta haɗu da taku a hanyar Birnin Kebbi, kuna dawowa daga wasa. Yayana da ke cikin masu yi maka wanka ya ce sun sha aiki kafin ƙaron ya fita daga haɓarka, kuma akwai alli a bayan kunnenka. Masu zuwa ta'aziyya suna ta cewa Allah ya jiƙan Baba Ɗangwaggo. Kaɗan ne suka ambaci sunanka, ni kuma ka san ban taɓa faɗarsa ba.

Ina cikin takaba, ashe akwai wasannin da kuka riga kuka ɗauka ba a nuna ba. A lungunmu gidan Malam Yohanna kaɗai ke da talabijin, malamin nan da ya zo aiki daga Filato, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Wata Alhamis bayan magariba ina kan sallaya, sai na ji tarinka. Na ji "Wash!" Yaran unguwa suka fashe da dariya. Carbi ya zame daga hannuna. Mamata biyu ne suke magana da baki ɗaya a bayan katangata, ubana da mijina.

Makon da ya biyo, shiru. Matarsa, Maman Rifkatu, ta gane ina ji, ta rage sautin don tausayi. Wallahi shirun ya fi muryar ciwo. Na tashi, ni mai takaba da ya kamata ta kama kanta, na je gindin katanga na roƙe ta ta ƙara. Ta ƙara, kuma har wasannin suka ƙare kullum tana jawo akwatin kusa da taga. Allah ya saka mata.

Da ɗanka ya girma ya je gidan talabijin neman faya-fayen wasanninka. Aka ce masa a zamanin kaset tsada gare shi, gogewa ake yi a sake ɗauka. Jawaban gwamnonin soja aka ɗora a kanka, ɗaya bayan ɗaya. Hoto guda muka samu, shi ma da gemun auduga.

Yanzu ina zaune unguwar Arkilla wurin ɗan namu. Na girme ka nesa ba kusa ba, na kai shekarun Baba. Kwanan baya na idar da sallah zan tashi, na dafa gwiwa, na miƙe rabi, na tsaya. Kafin in ankara bakina ya ce "Wash!" Jikokinka suka kwashe da dariya, irin dariyar bayan katanga, su da ba su taɓa ganin Ɗangwaggo ba. Na waiga ina neman ka a ɗakin.

To, na ga ajiyar, Malam, na kuma yafe. Ka adana mini ubana tsaf, ko tarinsa bai ɓace ba. Amma kai, wa ya ajiye mini kai?

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka wasa da gaske. Ya jiƙan Baba. Ya sada mu a gidan da ba a rabuwa. In Allah ya karɓi wannan roƙo, ga nawa gare ka: ka wanke allin kafin ka taryo ni, ka bar tsohon nan a bakin ƙofa. Ka ce "A'i" sau ɗaya da muryarka. Na yi maka alkawari zan gane ta.

Matarka,
A'i