Na Kashe Ki a Takarda, Dijatu

Zuwa ga Dijatu, ruwan farko bisa tudun Kurfai, inuwar gawo da tsakar rani, sanyin rijiyar kwarin dallol, gerona mai cikar kai. Ina gaishe ki, ina gaida jikinki.

Kin san ni. Aji ukku na yi lakwal, makarantar boko, a Damana, yunwa tat tashe mu, niz zo Filinge ban san kowa ba. Rubutuna kamar kaza ta taka laka. Amma da soji sunka ce kowace samariya, ƙungiyar samarin gari, ta kawo teyatur, wato wasan kwaikwayo, sarkin samari Baƙo ya ce ni ke da biro, ni za ni rubuta. To mi zan rubuta? Ban san komi ba sai ƙanwata da munka bizne hanyar Bonkuku shekarar yunwa. Ita na rubuta. Don ita na fara, don kar ƙasa ta cinye har sunanta.

Ke kinka ce za ki zama ita. Kin tuna ranar, bayan la'asar? Muryarki kamar kurciya cikin kuka. Kinka kwanta bisa tabarma, na rufe ki da farin ƙyalle, kumandan soji ya yi tafi, anka ba mu lambar yabo. Wayyo! Ni baƙo ne, ban san teburin Mamman, inda na sayo ƙyallen, ba a sayen fari gare shi sai don likkafani. Ya tambaye ni wa ya rasu, na yi dariya, na ce babu kowa. Kowa ya gane ƙyallen nan sai ni.

Ga shi tun ranar zazzaɓi bai sake ki ba. Innarki ta ce na yi miki baki, na gwada miki kabari da ranki, ta hana ni ƙofar gidanku. Shin gaskiyarta ne? Biro na iya kiran mutuwa? In na rufe ido sai in ga ƙafafunki sun leƙo ƙarƙashin farin nan, in rasa ko naki ne ko na ƙanwata. Soji sun tafi, samariya ta watse, ni ina nan tsaye gun tabarmar nan.

Ya farin watana, tashi! In rubutu na da wannan ƙarfi, to ga wani na fara. A ciki kin tsufa, haƙoranki sun zube, jikoki sun dame ki, kina yi mini faɗa na bar awaki cikin wake. Babu mai mutuwa, ko kaza. Kullum ina ƙara miki shekara guda, kuma ba ni ajiye biron.

Ki aiko ƙanenki Kailu ranar kasuwa ya ce mini kin sha fura. Shi kaɗai nike roƙo.

Naki, ko Inna ta yarda ko ta ƙi, har ki yi furfurar da na rubuta miki,

Magagi